Tarihin Giuseppe Verdi, Ɗan Ƙauyen Da Ya Zama Sarkin Kiɗan Italiya

Duk matafiyin da ya kama hanyar mota daga birnin Milan ya nufi Parma a arewacin Italiya, in ya ɗan ratse zai tarar da wani ƙauye da ake kira Roncole. A nan aka haifi Giuseppe Verdi cikin watan Oktoba na shekarar 1813. Ubansa ɗan masaukin baƙi gare shi, uwarsa kuwa kaɗi take yi.

Tun yana ƙarami aka ga hankalinsa na wajen kiɗa. Da ya shekara 10 sai aka kai shi makaranta a garin Busseto, amma kowace Lahadi yakan tako da ƙafa wajen mil uku ya zo ya yi kiɗa a cocin ƙauyensu. A Busseto ne wani attajiri, Antonio Barezzi, ya ɗauke shi kamar ɗansa.

A 1832 ya tafi Milan neman shiga babbar makarantar kiɗa, aka ƙi karɓarsa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Bai koma gida ba. Ya zauna ya yi karatu wajen wani malami, Barezzi na biya. To, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Yau makarantar nan sunan Verdi ke gare ta.

A 1836 ya auri Margherita, 'yar maigidan nasa, suka haifi 'ya'ya biyu. Daga nan fa masifa ta auka masa. 'Yarsa ta rasu a 1838, ɗansa a 1839, matar kuma ta bi su a 1840. Cikin wannan juyayi aka nuna wani wasansa na ban dariya a La Scala, babban gidan wasa na Milan, 'yan kallo suka yi masa ihu. Verdi ya ƙudura ya bar sana'ar ɗungum.

Shugaban gidan wasan, Merelli, shi ya lallashe shi. A 1842 ya fito da Nabucco, labarin Bani Isra'ila da aka kwashe zuwa Babila suna begen ƙasarsu. Irin wannan wasa shi ake ce wa opera, wato wasan kwaikwayon da duk maganar cikinsa da waƙa ake yi. Lokacin nan Milan na ƙarƙashin mulkin Ostiriya, daga baya kuwa Italiyawa suka riƙi wata waƙa ta cikin wasan tamkar kukan neman 'yancinsu.

Daga nan sunansa ya bi gari gari. An fara nuna Rigoletto a Venis a 1851, Il Trovatore a Roma a 1853, La Traviata kuma a Venis a wannan shekara. Da Italiya ta haɗe a 1861, aka zaɓe shi wakili a majalisar ƙasa ta farko.

Har Afirka ma aikinsa ya iso. Gwamnatin Isma'ila Basha, mai mulkin Masar, ta nemi ya tsara mata wasa, ya yi Aida, labarin gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar. An fara nuna shi a Alƙahira ran 24 ga Disamba, 1871.

Duk da wannan ɗaukaka bai manta da asalinsa ba. Ya sayi gona a Sant'Agata kusa da Busseto, ya gina wa talakawan yankin asibiti a 1888. A Milan kuma ya gina gida don tsofaffin makaɗa da mawaƙa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare ba su tara kome ba, ya bar wasiyya a riƙa ciyar da gidan daga kuɗin wasanninsa.

Ya rasu a Milan ran 27 ga Janairu, 1901, yana da shekara 87. Sa'ad da yake jinya, sai da aka shimfiɗa ciyawa a titin masaukinsa don kada ƙarar kofaton dawaki ta dame shi. Kabarinsa na cikin gidan tsofaffin nan, wanda har yanzu yake karɓar makaɗa.