Fritz Haber: Masanin da ya samo taki daga iska

An haifi Fritz Haber a ranar 9 ga Disamba, 1868, a birnin Breslau na Jamus, wanda a yau yake cikin ƙasar Polan. Mahaifinsa Bayahude ne mai fataucin kayan rini, shi kuwa ya zurfafa a ilimin sinadarai.

A zamaninsa manoman Turai sun dogara ne da kashin dabbobi da wani gishiri da ake haƙowa a Chile, alhali sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata yana jibge a cikin iska, babu hanya mai araha ta kama shi. A 1909 Haber ya haɗa shi da haidirojin a cikin zafi da matsi mai tsanani, ya samar da amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya faɗaɗa dabarar, aka buɗe masana'anta a 1913. Daga amoniya ake yin takin yuriya, kuma an ƙiyasta cewa kusan rabin al'ummar duniya na rayuwa ne da abincin da irin wannan taki ya samar.

Sai dai tarihinsa yana da tabo. Shi ya jagoranci harin iskar guba da Jamus ta kai a Ypres ta Beljiyam a watan Afrilu, 1915. Kwanaki kaɗan bayan haka matarsa Clara Immerwahr, ita ma masaniyar sinadarai, ta kashe kanta. Duk da haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, ƙasar da ya bauta wa ta juya masa baya. Ya rasu a Basel a ranar 29 ga Janairu, 1934.

Gadon da ya bari yana da nauyi a wuyan wannan zamani. Kusan rabin takin da ake zubawa ne kawai amfanin gona ke sha. Wani ɓangare na ragowar ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ke mayar da shi iskar naitiros oksaid, musamman idan gona ta jiƙe sharkaf. Iskar tana haura shekara 100 a sararin samaniya, kuma ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 270.

Manyan ƙasashen noma ne suka fi tafka wannan almubazzaranci, yayin da manoman Afirka da dama ke neman buhu guda ido rufe. Amma fari da ambaliya ba su tambayar wanda ya zuba takin.