Ibn al-Haytham

Abu Ali al-Hasan ibn al-Haytham (an haife shi wajen shekarar 965 a Basra, ya rasu wajen 1040 a Alƙahira) masanin lissafi ne da taurari, wanda ya shahara a ilimin haske da gani. A Turai an san shi da Alhazen.

Rayuwa

An ruwaito cewa Halifa al-Hakim na daular Faɗimiyya ya gayyace shi Masar domin ya shawo kan ambaliyar Kogin Nilu. Da ya isa kusa da Aswan, sai ya ga aikin ba zai yiwu ba. Saboda tsoron fushin halifan ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har rasuwar al-Hakim a 1021.

Ayyuka

Babban littafinsa shi ne Kitab al-Manazir, mai juzu'i bakwai. A ciki ya nuna cewa gani yana samuwa ne idan haske ya fito daga abu ya shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. Juzu'i na bakwai ya yi bayani kan lanƙwasawar haske. Ya gwada da ruwa da gilashi, ya nuna cewa haske yakan karkata idan ya ratsa daga iska zuwa cikinsu a karkace, amma yakan wuce a miƙe idan ya faɗa musu a tsaye.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572.