Jonathan MacKinnon, editan da ya buga jarida da harshen kakanninsa

A ƙarni na 18 da na 19, talauci da korar manoma daga gonakinsu sun tilasta wa dubban mutanen tsaunukan Sikotland ƙetare tekun Atlantika. Da yawansu sun yada zango a tsibirin Cape Breton da ke lardin Nova Scotia na gabashin Kanada, ɗauke da harshensu na Gelik, ɗaya daga cikin harsunan al'ummar Kelt. Cikin zuriyarsu aka haifi Jonathan MacKinnon a 1869, kusa da ƙauyen Whycocomagh.

Ya taso ana Gelik a gida da coci, amma makaranta da ofis da kotu duk na Ingilishi ne. Ya lura cewa harshen da ba a karanta labarin duniya da shi, sannu a hankali zai koma na tsofaffi kaɗai. Don haka a 1892, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kafa jaridar Mac-Talla, wato amsa-kuwwa, a garin Sydney na tsibirin.

Jaridar ta riƙa fitowa mako-mako, daga baya ta koma bayan mako biyu. Tana ɗauke da labaran gida da na waje, da wasiƙu, da waƙoƙi, da tarihi, da karin magana, har tallan 'yan kasuwa ma da Gelik ake buga su. Ta samu masu karatu a Sikotland da Amurka da Ostiraliya, ta zama dandalin da 'yan'uwa da teku ya raba ke jin ɗuriyar juna.

Sai dai yabo ba ya biyan mai ɗab'i. Masu karɓar jaridar da dama ba sa aiko da kuɗinta, ga matasa na ƙaura zuwa birane neman aiki. A 1904, bayan shekara 12, ta durƙushe.

MacKinnon bai yi zuciya ba. Ya fassara labaran Tolstoy da Thomas Hardy zuwa Gelik, ya kuma fito da mujallar Fear na Céilidh a 1928. Ya rasu a 1944.

Yau masu jin Gelik a Nova Scotia sun ragu ƙwarai, amma shafukan Mac-Talla na nan a intanet, ɗalibai na koyon harshen daga cikinsu. Abin da bashin masu karatu ya kashe, shi ne jikokinsu ke nema ruwa a jallo.