Umaru Ganda, ɗan dakon da ya zama gwanin silima

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekara ta 1935. Bazabarme ne. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, Yamai kuma ƙaramin gari ce a bakin kogin Isa. Can ya yi makarantar firamare. Bai yi nisa da karatu ba. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, a shekara ta 1951.

Faransa tana yaƙi a wata ƙasa mai nisa ta nahiyar Aziya, ana ce da ita Indoshin. Mutanen ƙasar sun tashi neman ƴancin kansu. Faransa ta kwashi samari daga ƙasashen Afirka ta kai su can. Umaru yana cikinsu. Ya yi shekara biyu a Aziya. Ya ga wuta, ya ga mutuwa. A 1954 aka ci Faransa da yaƙi, a 1955 Umaru ya tuɓe kayan soja ya komo gida.

Da ya komo, sai ya tarar ba aiki. Ya nema har ya gaji. Daga nan ya yi abin da samarin Tasawa da na Mayahi suke yi idan an gama aikin gona: ya tafi cin rani. Shi dai bai tsaya kusa ba, sai Abijan, a ƙasar Kodibuwar. Ya sauka a unguwar Tireshibil, inda baƙi talakawa suke zaune. Ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Kullum da asuba yakan tafi bakin tasha ya jira. Wata rana a ɗauke shi, ya wuni yana sauke buhuna. Wata rana kuwa ya koma gida hannu wofi.

A Abijan ya gamu da wani Bafaranshe mai suna Jan Rush. Rush ya san Nijar sosai, don ya fara zuwa tun 1941 wajen aikin gina hanyoyi. Daga baya ya koma binciken al'adun mutane, yana ɗaukar hotonsu na silima. A wannan lokaci yana son sanin yadda ƴan Nijar suke zaune a ƙasashen bakin teku. Umaru ya iya karatu, ya iya faransanci, ya kuma san ƴan ci-rani. Sai Rush ya ɗauke shi aikin yi wa mutane tambayoyi da ƙidaya su.

Rush ya lura Umaru yana da baki. Idan yana ba da labari, kowa sai ya saurara. Ya sa shi cikin wani gajeren fim a 1957. Sannan ya ba shi babban matsayi cikin fim ɗin da ya fito a 1958, mai suna Moi, un Noir, wato Ni, baƙar fata.

Wannan fim ya bambanta da waɗanda aka saba gani. Ba a rubuta wa ƴan wasan abin da za su faɗa ba. Zamansu na kowace rana suka nuna: neman aiki, cin abinci a bakin hanya, dambe, rawa ranar asabar da dare. Samarin Tireshibil suna son silima ƙwarai, har suna laƙaba wa kansu sunayen ƴan wasan Turawa. Umaru ya ɗauki sunan Eduwar Robinson, wani ɗan wasan Amurka.

Kamerar Rush ƙarama ce, ba ta ɗaukar murya. Saboda haka sai da aka gama ɗaukar hotuna, aka harhaɗa su, sannan aka zaunar da Umaru gaban allo. Yana kallon kansa, yana magana, ana naɗar muryarsa. Abin da ya zo masa a rai shi yake faɗa. Wani wuri ya yi ba'a, wani wuri ya yi kuka da talauci, wani wuri ya yi mafarkin mota da gida. Kusa da ƙarshen fim ɗin, ana ganinsa yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana ba shi labarin yaƙin Indoshin. Ya nuna yadda ake harbi, ya faɗi ƙasa kamar wanda harsashi ya sama, ya tashi ya ci gaba da tafiya. Ba bindiga a hannunsa, ba kayan soja a jikinsa, amma mai kallo sai ya ga yaƙin. Fim ɗin ya sami babbar kyauta a Faransa, sunan ɗan dako ya kai Turai.

Duk da haka hankalin Umaru bai kwanta ba. Fuskarsa ce, muryarsa ce, amma wani ne ya riƙe kamera, wani ne ya zaɓi abin da za a nuna da abin da za a yar. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Umaru ya ƙudura sai ya ba da labarinsa da kansa.

Ya komo Yamai. Ya shiga wata ƙungiyar masu son silima a gidan al'adu na Faransa da Nijar. Nan ya koyi riƙe kamera, da naɗar murya, da yanka fim a haɗa. A 1968 aka yi gasar rubuta labarin fim. Umaru ya rubuta nasa, ya sami hanyar ɗaukarsa. Sunan fim ɗin Kabaskabo. Da zabarmanci aka yi shi, Umaru ne ya shirya, shi ne kuma babban ɗan wasa.

Kabaskabo tsohon soja ne da ya komo daga Indoshin da kuɗi. Abokai suka kewaye shi, maroƙa suna yabonsa, shi kuwa yana ta rabo. Ran da kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Ya shiga neman aikin ƙarfi, waɗanda suka ci nasa jiya suna kau da kai. Umaru ya san wannan hali, don haka bai yi wasan kamar mai kwaikwayo ba. A 1969 aka nuna fim ɗin a babban taron silima na Kan, a Faransa, ya kuma sami kyauta a Mosko.

Daga nan ya juya ga abubuwan da yake gani cikin gari. Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji ne mai mata biyu. Ya sa kuɗi ya auri wata budurwa wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Ba wanda ya tambayi yarinyar abin da take so. Kishi ya tashi cikin gida, har ya kai ga kisan wata da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Zalika Sule, wadda ta yi suna cikin matan silima na Nijar, tana cikin ƴan wasan. A 1972, a taron silima na Afirka da ake kira FESPACO, a Wagadugu, aka fara ba da babbar kyauta mai suna Ingarman Yennenga. Fim ɗin Umaru Ganda ne ya fara cin ta.

Bayansa ya yi Saitan, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu mai cin amanar mutane. A 1980 ya fitar da fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, wanda ya ɗauko daga tatsuniya. Wasu samari biyu ne suka ce sun yarda a sare kansu in dai za su sami ƴaƴan sarki. Sarki ya ji, ya aura musu. Da wa'adi ya cika, ya nemi su cika maganarsu. Ɗaya ya ba da kansa, ɗaya ya gudu. Fim ɗin yana nuna nauyin magana idan ta fita daga bakin mutum.

Ranar 1 ga watan Janairu 1981, ciwon zuciya ya ɗauke Umaru Ganda. Bai kai shekara 50 ba. An sa sunansa ga babban gidan al'adu na Yamai. A FESPACO kuma akwai kyauta mai sunansa, wadda ake ba wanda ya fi gwaninta cikin masu fitar da dogon fim na farko.

Ma'anar kalmomi

Cin rani: tafiya neman kuɗi wani wuri bayan an gama aikin damina.
Ɗan dako: mai ɗaukar kayan mutane a biya shi.
Ingarma: babban doki namiji mai ƙarfi.
Wa'adi: lokacin da aka yanka don cika wani abu.

Tambayoyi

1. Me ya kai Umaru Ganda Abijan? Wane aiki ya yi can?
2. Yaya aka sa murya cikin fim ɗin Moi, un Noir?
3. Don me Umaru ya so ya shirya fim da kansa?
4. Me ya sami Kabaskabo da kuɗinsa suka ƙare?
5. Ku nemi Abijan da Wagadugu cikin taswira.

Aiki

Ku tambayi wani dattijo na garinku labarin cin ranin da ya taɓa zuwa. Ku rubuta shi cikin layi goma. Sannan ku kasu ƙungiya-ƙungiya, ku mai da labari ɗaya wasan kwaikwayo, ku nuna wa ƴan ajinku.