Likita Mila na Zariya (1872–1952): Bangaskiya da Jinkirin Girbi

An haifi Walter Richard Samuel Miller a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likitanci a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Zage-zagi sun san shi da Likita Mila. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya koyi harshen a bakin Hausawan da ke can, fatake da mahajjata, abin da ke nuna tun farko ya gane cewa tafinta ba zai iya ɗaukar masa aikin da ya sa gaba ba.

A 1900 ya shiga ayarin ƙungiyar mishan ta CMS ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell, suka doshi Kano da kyakkyawan zato. Sarki Alu bai ba su masauki na dindindin ba, ya umarce su da su fice. Suka ja da baya zuwa Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai a 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar ƙaramar makaranta.

Zariya gari ne na malamai, Musulunci ya yi saiwa a cikinsa ƙarni bayan ƙarni, gwamnatin mulkin mallaka kuma ba ta son abin da zai ɓata tsakaninta da sarakuna. Shekaru suka yi ta shuɗewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba. A nan ne halin mutumin ya fito. Maimakon neman taro, sai ya karkata ga renon yara ƙalilan a gidansa, yana ci da su, yana koya musu karatu, addu'a da tsare lokaci, kullum ba fashi. Horon nasa mai tsanani ne, kuma ba a rasa ganin isa irin ta Turawan zamaninsa a cikinsa ba. Harshensa ma kaifi gare shi. Masana tarihi kan ambaci ƙorafe-ƙorafensa cikin dalilan tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, shahararren mawaƙin nan da aka kai Lakwaja. Wanda duk zai rubuta tarihin Mila bisa adalci ba zai tsallake wannan ba.

A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim mai girmama Annabi Isa, suka nemi Mila. Aka kafa musu mazauni a Gimi, har aka ɗauka girbin da aka daɗe ana jira ya nuna. Ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe jama'a da dama, ya tarwatsa saura. Waɗanda suka tsira, musamman yara, aka dawo da su Zariya, aka sake farawa daga tushe. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar ƙasa bisa fasalin ginin Hausa.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne fassara. Shi da abokan aikinsa na wasu mishan da mataimakansa Hausawa sun sha fama da tambayar da har yau take gaban manazarta: yaya za a faɗi aƙidar Kirista da kalmomin da Musulunci ya riga ya ɗora wa ma'ana, irin su zunubi, tuba, alheri da ceto? Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai a 1932, shekara talatin da biyu bayan sallamar da aka yi musu a Kano. Abin lura shi ne, akasarin masu karanta shi ba Hausawan birni ba ne da Mila ya ƙwallafa rai a kansu, al'ummomin Filato, kudancin Zazzau da Adamawa ne, waɗanda Hausa ta zame musu harshen sujada.

Daga wannan 'yar ikilisiya ta Zariya da Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, tsatson Isawa, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, amma Mila bai ga wannan ba. Ya rasu a 1952 a ƙasar Filato.