Likita Denis Burkitt, Mai Ido Ɗaya

'Yan'uwana malaman gobe, ina so in ba ku labarin wani likita wanda ido ɗaya gare shi, amma ya ga abin da masu ido biyu suka wuce.

An haifi Denis Burkitt a Enniskillen, ƙasar Ailan, cikin 1911. Yana ɗan shekara 11 ya yi hasarar idonsa na dama. Wannan bai karya masa zuciya ba. Ya koyi aikin likita a Dublin, ya zama likitan fiɗa. Mutum ne mai tsoron Allah, cikin 1946 kuwa ya tafi Uganda aiki.

Cikin 1957, a asibitin Mulago na Kampala, aka nuna masa wani yaro ɗan shekara 5, muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa. Ba da daɗewa ba ya ga wani kamarsa a Jinja. To, a nan hankalinsa ya tsaya. Ya koma ya binciki tsofaffin takardun asibiti, cikin 1958 ya buga bayanin yara 38 masu wannan cuta. Ashe sankara ce, watau ciwon daji, wadda ake kira da sunansa har yau.

Cikin 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar mil 10,000 a mota, suna tambaya asibiti asibiti. Suka tarar cutar ta fi yawa inda akwai zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga naman da ya aika London aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr cikin 1964. Ya kuma nuna magani yana narkar da kumburin, har yara su warke. A Ibadan ma Likita Victor Ngu ya yi wannan aiki. Burkitt ya rasu cikin 1993.

Ga abin da na ɗauka. Malami yana duban fuskokin yara kullum safiya, likita kuwa sai an kai masa su. In kuncin yaro ya kumbura yana ƙaruwa, haƙoransa suna girgiza, ko ido ya turo, ko ciki ya tasa, kada mu ce hangum ne kawai mu yi shiru. Wannan sankara tana girma cikin 'yan kwanaki. Mu gaya wa iyaye, a kai shi asibiti nan da nan, gama jinkirin mako guda yana iya cin ran yaro.