Sabo Bakin Zuwo: Gwamnan Kano na Wata Uku

A cikin gwamnonin farar hula da suka mulki Jihar Kano, babu wanda zamansa a kan kujera ya kai na Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo gajarta. An rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1983, sojoji kuma suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Sai dai kafin ya kai ga waɗannan watanni uku, ya shafe kusan shekaru talatin yana gwagwarmaya a lungunan birnin Kano.

An haife shi a 1934, ya kuma tashi a unguwar Bakin Zuwo, wadda sunanta ya zama laƙabinsa. Bai samu shiga makarantar boko yana ƙarami ba. Sai da ya tasa sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci a Shahuci, daga baya ya yi kwas kan sha'anin mulkin ƙananan hukumomi a Zariya. Babbar makarantarsa ita ce jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, da kuma zauren Malam Aminu Kano. A wancan zamani, shiga NEPU daidai yake da sayen rigima da hukumar En'e, domin ɗauri da bulala su ne rabon 'ya'yanta da yawa. A nan Sabo ya ƙware wajen yi wa talaka magana da harshen da yake ganewa.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, ya ci zaɓen Majalisar Dattawa a jam'iyyar PRP, ya kasance cikin sanatocin da suka fi yawan gabatar da ƙudurori. 'Yan boko da jaridun Legas sun mayar da Turancinsa abin barkwanci, amma hakan bai rage masa farin jini a gida ba, inda jawabansa na Hausa a rediyo da dandalin taro suke ratsa kasuwanni da ƙauyuka.

Ba a jima ba PRP ta dare gida biyu: ɓangaren Santsi na Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, da ɓangaren Taɓo da ya tsaya tare da Malam Aminu. Sabo ya zaɓi Taɓo. Saɓanin da ya shiga tsakanin Rimi da fadar Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya haifar da tarzomar watan Yuli na 1981, ya ƙara wa wannan ɓangare magoya baya. Bayan rasuwar Malam Aminu a watan Afrilu na 1983, Sabo ya riƙe tutar PRP, ya kayar da Rimi, wanda ya tsaya a jam'iyyar NPP.

A ɗan lokacin da ya samu, ya soke sababbin masarautun da gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro, ya kuma rufe gidan sinima na Palace domin mayar da shi asibiti. Asibitin haihuwa da ke Jakara yana ɗauke da sunansa har yau.

Faɗuwarsa ta zo da nauyi. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sanar cewa an samu tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4 a gidansa. An ruwaito cewa ya kare kansa da hujjar cewa kuɗin na gwamnati ne, kuma a hannun gwamna aka same su, amma kotun soja ta musamman ta yanke masa ɗaurin da jimillarsa ta kai shekara 300. Zamansa a tsare ya ninka zamansa a gidan gwamnati sau da yawa. An sake shi a zamanin Janar Ibrahim Babangida, bai kuma sake riƙe wani muƙami ba har ya rasu a watan Fabrairu na 1989.

Har yanzu ra'ayin jama'a a kansa ya rabu. Wasu suna tuna shi da batun kuɗin nan da kuma barkwancin da ake jingina masa, wasu kuwa suna ganinsa a matsayin ɗan talaka da ya fara karatu a makare, amma ya kai ga kujera mafi girma a jiharsa da ƙuri'ar talakawa.